Fatar Ragon Baba

Lurwanu baduku ya juya fatar, ya shafa ta ciki da waje, sannan ya ture ta gefe da bayan hannu.

"Ba zan ɗinka ba."

Ƙanensa Balarabe yana tsugune a bakin rumfa, bindigarsa ta toka jingine da kafaɗa. Ya ce, "Yaya, ko tunani ba ka yi ba."

"Tunanin me? Fatar rago ce. Ka bari in yi maka gafaka ko matashi. Amma rigar shiga daji da damina, ba da hannuna ba."

Fatar ta ragon da mahaifinsu ya yanka ne da Layyar bara, ragonsa na ƙarshe, domin kafin a girbe dawa Allah Ya yi masa rasuwa. Balarabe ya ɗauke ta, ya kai wa majeman Bebeji suka jeme ta, ta yi laushi har ba ka son ka daina taɓa ta. Tun daga nan ya sa wa ransa cewa ita zai sa ya shiga daji, albarkar tsohon ta riƙa bin sa. Ga shi yanzu, cikin daminar shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kano, wata ɓauna ta fito daga dajin Falgore tana tattake gonakin mutanen Doguwa, ta ma ji wa wani Bafulatani rauni. Sarkin baka, shugaban maharba, ya aiko wa maharban Tudun Wada, kuma Balarabe yana cikin waɗanda aka kira.

Lurwanu ya miƙa hannu bayansa ya jawo wata riga baƙa, mai kauri, tana warin man shanu. Ya jefa masa.

"Ga taka nan, tun watan jiya na gama ta. Fatar bunsuru ce, na ci wahalar shafe ta da mai har ta ƙoshi. Ruwa in ya sauka a kanta gangarewa yake yi. Ko ƙirgi ka ce, wato fatar shanu, da na yarda, nauyi ne kawai da shi, in ya bushe ya ƙage. Amma ta rago? Shan ruwa take yi kamar tsumma. A ƙirjinka kake ajiye albarushi, a hammatarka kake ɓoye kunnen bindiga in ana ruwa. In suka jiƙe, da me za ka tari ɓauna? Da baki?"

Balarabe ya ɗaga baƙar rigar da yatsu, ya toshe hanci. "Wannan ai tun daga nesa naman daji zai ji warina."

"Ya ji warinka ya gudu, ba shi ne alheri ba?"

Balarabe ya ajiye baƙar rigar. Ya naɗe fatar ragonsa ya tashi. Shi dai haka Allah Ya yi shi, ba ya musu, ba ya ɗaga murya, sai ya bar ka da zancenka ya je ya yi abin da ya ga dama. Irin wannan shi ya fi ban haushi.

Ranar kasuwar Dangora ya kai wa wani baduku, Ɗanasabe, wanda ko fatar ɓera ka kai masa ka ce ya yi maka sirdi zai ce to. Ɗanasabe ya rina ta da karan dafi, ta fito ja wur, ya yi mata ado a wuya da aljihu. Gaskiya riga ta yi kyau. Da Balarabe ya sa ta a kan farar taguwarsa ya shigo gida, har mata suna leƙowa ta katanga.

Lurwanu ya gan shi, ransa ya ɓaci.

"Fatar ragon ubanmu ka kai wa bare? Kuma har da rini? Wallahi ruwan farko zai wanke wannan jan a jikinka!"

Gwaggo Tani, ƙanwar mahaifinsu, tana zaune tana gyaran wake. Ta ce, "Lurwanu, ka sassauta. Abin da hannun ubanku ya yanka da sunan Allah ba zai cuci ɗansa ba."

"Gwaggo, Allah Ya ba ki haƙuri, ni ban ce Baba zai cuce shi ba. Ruwa nake magana. Ruwa bai san ragon wa aka yanka ba."

"Kai dai kishi kake yi, don ba kai ka ɗinka ba."

Wannan magana ta ƙona shi ƙwarai. Ya fita bai ko yi sallama ba. Washegari da hantsi maharba suka tashi, Balarabe ya biyo ta rumfa ya ce, "Yaya, za mu tafi, a yi mana addu'a." Lurwanu ya ce, "Allah Ya kiyaye," idonsa a kan zaren da yake murzawa.

Kwana ya zagayo, hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Lurwanu ya dube shi, ya dubi baƙar rigar da ke rataye, ya yi tsaki. Ya ci gaba da aiki, basilla ta soke shi a yatsa. Ya sake yin tsaki, ya tashi ya ari keken maƙwabcinsa, ya ɗaure rigar a baya, ya kama hanyar Doguwa.

Ruwa ya same shi a hanya. Inda taɓo ya kama ƙafar keke sai ya sauka ya tura, yana tafe yana faɗa shi kaɗai. Ya zagi Ɗanasabe, ya zagi karan dafi, ya shirya duk maganganun da zai zazzaga wa Balarabe, har da yadda zai matse jar rigar a gaban maharba kowa ya ga ruwan da ta sha. A wata ruga ta bakin daji Fulani suka nuna masa inda maharban suka bi, suka ce sun ji harbi ba da jimawa ba.

Ya jingine keke ya shiga da ƙafa, rigar a hammata. A gindin wata ɗorawa ya hango su. Ɓaunar tana kwance can gefe, an kashe ta. Maharba suna tsaitsaye. Balarabe yana zaune ya jingina da itacen, jar rigar ta lafe a jikinsa, ta yi nauyi, farar taguwar ta rine tun daga ƙirji har cinya.

Fushin da Lurwanu ya ɗauko tun daga Tudun Wada ya kubce masa.

"Ka gani ko? Ka gani! Dubi yadda ka koma! Me na gaya maka? Na ce rinin zai zuba, na ce za ta sha ruwa, aka ce kishi nake yi!"

Sarkin baka ya matso ya ce, "Malam Lurwanu, dakata."

"Ba zan dakata ba, ranka ya daɗe! Yaron nan ba ya jin magana, tun yana ƙarami haka yake!"

Ya durƙusa ya damƙi gaban rigar zai matse ta. Ruwan sama sanyi ne da shi, amma abin da ya cika masa hannu ɗumi ne da shi. Ya buɗe tafinsa ya duba. Ya ɗaga rigar, ya ga inda ƙaho ya shiga a ƙasan haƙarƙari.

Balarabe ya buɗe ido da ƙyar.

"Yaya, kai ne? Ta zo daidai gabana. Na ja kunnen, bindigar ta ƙi tashi." Ya numfasa. "Sanyi nake ji."

Lurwanu ya saki jar rigar. Ya warware baƙar rigar, ya rufa masa tun daga wuya, ya cusa gefenta a bayansa, ya riƙe shi. Ruwa yana sauka a kanta yana gangarewa ƙasa, ko ɗigo bai shiga ba. Haka ya ci gaba da riƙe shi, har sarkin baka ya dafa masa kafaɗa ya ce ya sake shi haka nan, a rufe masa ido.