Awar Kamfani

Bahago yana zazzage tiren da yake tara ƙananan kaya a ciki, yana neman washa, sai wani ɗan fil ya faɗo a kan siminti. Ya sunkuya ya ɗauka. Fil ne, kuma sabo fil, ko maiƙo bai taɓa shi ba, ƙafafunsa biyu a miƙe. Nan take ya gane na wace mota ne.

Guda biyu aka ba shi a sito da safe, tare da tayarod biyu na farar motar wata malama. Aikin fil ɗin kaɗan ne. Idan an ɗaure notin tayarod, wato ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, sai a cusa shi a huda, a lanƙwasa ƙafafunsa don kada notin ya warware a hanya. Na hagu ya tuna sarai, ya ɗaure, ya cusa, ya lanƙwasa. Na dama kuwa da hannu ya murza notin, yana shirin ɗauko sifana ke nan shugaban gareji ya leƙo ya ɗaga takarda, ya ce ga canjin birki, wa ke so. Bahago ya ruga don kada a riga shi. Da ya dawo, taya kawai ya mayar ya sauke motar.

Wanda bai san gidan ba zai ce wace irin haɗama ce wannan. To, a garejin kamfanin sayar da motocin nan ba albashi ake yi ba, kuma ba ruwan kowa da tsawon lokacin da mutum ya kwashe a ƙarƙashin mota. Kowane aiki masu ƙera motar sun riga sun yanke masa awa, can a ɗakinsu mai sanyi, a kan sabuwar motar da ba ta taɓa faɗawa rami ba. Idan sun ce awa ɗaya, ta awa ɗaya za a biya ka, ko da noti mai tsatsa ya cinye maka wuni. Shi ya sa makanikai ke cewa awa iri biyu ce a duniya, akwai ta Allah, akwai ta kamfani, kuma ta kamfani ba ta san tsatsa ba. Aikin ma iri biyu ne. Akwai tsoka, irin su canjin birki da juyen mai, da mai zafin nama zai gama a rabin lokaci. Akwai ƙashi, wato motar garanti da laluben waya, inda za ka yi ta gwagwiya har yamma ka tashi ba komai. Shugaban gareji ne ke raba su, don haka ake ce masa Mai Rabo, kuma ko tari ya yi sai an samu mai yi masa sannu.

Abin da ya fi ƙashi muni shi ne a ce mota ta dawo. Kyauta za ka sake aikin, sannan a rubuta a gaban sunanka. Bahago ya riga ya sha gargaɗin ƙarshe a watan jiya, kan wani inji da ya dawo yana ɗigar mai. Ba da faɗa Mai Rabo ya gaya masa ba, a hankali ya ce, "Wata ta sake dawowa, ka bi ta ku fita tare."

Ya dubi ƙofar gareji. Malamar ta daɗe da tafiya. Ya tuna tana ta duba agogo, tana cewa za ta mayar da mahaifiyarta gida, tafiya ce mai nisa kuma hanyar duk hawa da gangara. Ya ma ga tsohuwar a ɗakin jira, ta cire takalmanta ta ajiye a gefe, ta miƙe ƙafa kamar a tsakar gidanta.

Ya tsallaka wajen Walƙiya, maƙwabcinsa a wurin aiki, wanda ba a taɓa ganin ya gama mota a makare ba. Ya buɗe masa tafin hannu.

Walƙiya ya kalli fil ɗin, ya kalli ofishin gilashin Mai Rabo, ya ce ƙasa-ƙasa, "Jefa shi a kwata."

"Da hannu na murza notin, wallahi. Ban sa sifana ba."

"Hannunka ai sifana ne. Noti ba ya warwarewa rana ɗaya. Idan ta ji ƙara ta tsaya wajen makaniken bakin titi ya ɗaure mata, shi ke nan. Wa ya gani?"

"Akwai tsohuwa a motar."

"Kai kuma mutum nawa ne a gidanka?"

Gaskiya Walƙiya ya faɗa. Ga matarsa da yara, ga ƙanwarsa da mijinta ya rasu ta dawo da nata, an raba falo da labule don su samu wurin kwana. Duk bakunan nan a hannunsa na hagu suke rataye.

Ya koma ƙarƙashin motar da yake yi, amma hannun ya ƙi. Ya san yadda abin yake faruwa, ba labari aka ba shi ba. Kowane rami mota ta faɗa, notin zai ɗan ja baya. Da farko sitiyari zai riƙa rawa kaɗan, irin wadda direba zai ce laifin titi ne. Daga nan rana tsaka taya ta juya inda ta ga dama, direba yana murza sitiyari kamar mai murza iska. Duk sanda mai gadi ya ja ƙofa sai Bahago ya leƙo. Can sai ga janwe ta shigo da baya, tana jan wata mota da gabanta ya lotse. Ya tsaya ya zura mata ido. Da ta gama shigowa ya ga ja ce, ba fara ba. Ya yi ajiyar zuciya, sannan kunyar ajiyar zuciyar ta kama shi.

Ya goge hannu a tsumma, ya nufi ofis. Ya ajiye fil ɗin a kan tebur, ya faɗi na wace mota ne.

Mai Rabo ya tashi ya rufe ƙofa. "Wa ya sani?"

"Ni da Allah, Maigida." Bai kawo sunan Walƙiya ba.

"Ka san abin da kake yi kuwa? Idan aka kira ta, dole in rubuta. Idan na rubuta, magana ta fita daga hannuna, ta hau sama." Ya tura fil ɗin da ɗan yatsa zuwa bakin tebur. "Ni ban ga komai ba. Ɗauki abinka. Akwai juyen mai guda biyu suna jira, na ba ka duka."

Tsoka biyu a lokaci ɗaya, abin da Bahago bai taɓa samu ba tun zuwansa. Kuma ba mugunta ce a fuskar mutumin ba, tausayi ne, wannan ne ma ya fi ba shi tsoro. Ya so ƙwarai ya ɗauka ya fita.

"A ba ni lambarta, Maigida."

Mai Rabo ya juyo masa da takardar aikin, Bahago ya buga lambar. Wayar ta yi ta ƙara har ya fid da rai, sannan aka ɗauka. Muryar tsohuwar ce, ga gurnanin inji a bayanta.

"Salamu alaikum. Wa ke nan?"

"Mama, makaniken da ya gyara motar ne. Don Allah..."

"Af, ɗana, ina wuni? Ya aiki? Ya iyalin? Ai tun ɗazu nake sa maka albarka. Tana tuƙi ne, shi ya sa na ɗauka. Ta ce dai sitiyarin yana ɗan rawa, na ce ai sabon kaya ne, bai zauna ba tukuna."

"Mama, ki ce ta ɗaga ƙafa daga totur. Kada ta taka birki da ƙarfi."

"Ta ɗaga me?"

Daga nesa ya jiyo muryar malamar. "Wane ne, Inna? Ki ce zan kira shi idan mun sauka gangaren nan."

"A'a!" Ihun ya sa har na waje suka ɗago kai. "Mama, kanga mata wayar a kunne, don girman Allah!"

Aka yi ta kokawa da waya, sannan ya ji numfashin malamar. Ya tattaro sauran natsuwarsa. "Malama, laifina ne, ban gama ɗaure tayar dama ba. Kada ki tsorata. Riƙe sitiyari da hannu biyu, kada ki murza shi da yawa. Ki bar mota ta rage gudu da kanta, ki gangara gefe a hankali."

Wata babbar mota ta wuce su da ƙugi har wayar ta toshe. Bahago ya rufe ido, ya bar kunnensa ya yi aikin da ya saba. Ya ji ƙarar inji tana sauka. Ya ji sigina tana ƙyas-ƙyas. Ya ji wani ɗan ƙwanƙwasa a gaban motar, sannan taya a kan tsakuwa, sannan aka ja birkin hannu. Inji ya mutu.

Da ya buɗe ido, Mai Rabo ya riga ya fara rubutu. Bai ɗago ba ya miƙo masa makullin motar gareji. "Zuwa da dawowa duk babu awa, ka sani."

"Na sani."

"Idan ka dawo, ka bar rigar aikin a sito."

Bahago ya karɓi makullin. Wayar tana kunnensa har yanzu, ya ji an sake karɓe ta.

"Ɗana, kana ji na? Mun tsaya. Ita dai ta kifa kai a sitiyari tana kuka, ban san dalili ba. Ta ce wai za ka zo?"

"Zan zo, Mama. Yanzun nan."

"To, ka taho a hankali, ka ji? Akwai inuwa a nan. Kada ka yi sauri."

Ya ce to, ya kashe wayar. Ya ɗan tsaya riƙe da ƙofar ofis, don tun da ya fara aiki a gidan nan ba wanda ya taɓa gaya masa haka.