Ruwan Da Ya Ƙi Daskarewa

Baba Waya ya duƙa gaban na'urar sanyi, tabarau a kan hanci, yana dariya shi kaɗai kamar wanda ake yi wa cakulkuli. Shekara ashirin da shida yana gyaran na'urori a ɗakin binciken nan, bai taɓa jin daɗin ganin layi ya yi tsalle a allon kwamfuta irin na yau ba.

Wata uku ke nan Dakta, mai ɗakin binciken, ta sa shi gaba. Wani farin gari take haɗawa da hannunta, kowace ƙwaya cike da ramuka ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Sai ta jiƙa garin, ta sa a na'ura, ta yi ta ƙara sanyi tana jiran ruwan da ke cikin ramukan ya daskare. A lissafinta, da an kai digiri arba'in ƙasa da sifili dole layin ya yi tsalle, alamar ruwan ya daskare. Aka kai arba'in, aka kai saba'in, layi na kwance abinsa. Ta ce na'ura ce ta lalace. Sau huɗu Baba yana kwance ta yana ɗaurewa. Jiya haƙurin Dakta ya ƙare, ta kai wa shugaban sashe takarda: a mayar da Baba sito, a kawo wanda ya san aiki. Yau ƙarfe goma sha biyu za a sa hannu.

Sito, wai shi, ya koma gadin tsintsiya da bokiti. Abin ya ci masa rai, ko karyawa bai iya yi ba. Shi ya sa ya yi sammako, ya buɗe kabad ɗin Dakta mai rubutun "KADA A TAƁA", ya taɓa.

Dakta ta shigo ta tarar da kwalabenta a kan tebur.

"Baba, wa ya ba ka izini?"

"Ba kowa, ranki ya daɗe. Zo ki gani tukuna, faɗan ya biyo baya." Yana magana dariya na ƙwace masa. "Mu a gyara, in abu ya rikice, da wanda ka sani kake farawa. Wannan ɗigon ruwan famfo ne. Kin ga tsalle?"

"Na gani."

"Wannan kuma tsohon garinki ne na bara, mai manyan ramuka. Ga tsallensa, daidai arba'in ɗinki. To ga sabon. Sau biyu na sa shi, ko gezau."

Dakta ta ajiye jaka a ƙasa ba ta sani ba. Ta dubi layi na farko, ta dubi na biyu, ta daɗe a kan na uku. Can ta ja kujera ta zauna, ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suka fara rawa. Baba ya tsorata, ya zaci kuka ne. Ashe dariya ce.

"Lafiyarta ƙalau," in ji ta. "Baba, na'urar lafiyarta ƙalau. Ruwan ne ya ƙi."

"Ai tun wata uku nake faɗa."

"Ka san me ka gano kuwa? Kafin ruwa ya zama ƙanƙara sai ƙwayoyinsa sun jeru, kowace ta kama 'yar'uwarta. Ramukan sabon garin nan sun fi yadda na zata ƙanƙanta, babu filin jeruwa. Abin da nake nema tun ina ɗaliba ke nan, yana hannuna ina zagin na'ura."

"Da mai gyaranta," in ji Baba.

Ta sake fashewa da dariya, shi ma ya taya ta. Dakta da ba a taɓa ganin haƙorinta ba sai ga ta tana zagaya tebur tana tafi, tana lissafa waɗanda za ta kira. Baba ya ɗan taka rawa da sukundireba a hannu, gwiwa ta tuna masa shekarunsa, ya dafa bango. Nan idonsa ya faɗa kan agogo, sai dariyar ta ɗauke.

"Dakta, sha biyu saura minti biyar."

"To, sai me?"

Ya nuna mata agogon. Ta dube shi, ta dubi agogon. Sai ta zabura ta yi waje, yana jin ƙarar takalminta a matakala har ta ɓace.

Baba ya mayar da kwalaben cikin kabad ɗaya bayan ɗaya. Ya goge tebur. Ya jera sukundirebobinsa cikin akwati, ko da za a ce ya kwashe. Sha biyu ta buga, ta wuce da minti goma.

Ta dawo tana haki, takalmi ɗaya a hannu, takarda a ɗayan. Daga nesa ya gane takardar mayar da shi sito ce, har da inda aka fara sa hannu aka fasa. Dakta ba ta dubi fuskarsa ba. Ta kife takardar a kan tebur, ta zaro biro, ta ja layi uku a bayanta don rubuta sakamako.

"Buɗe kabad ɗin, Baba," ta ce. "Ka sa samfurin da kanka, ka riƙa karanto min lambobin."

Ya gyara tabarau, ya buɗe kabad ɗin ya ɗauko kwalbar sabon garin.