Karen da Ya Ƙi Shiga Ɗaki

Kwana goma sha uku ke nan Noeline Pascoe tana roƙon kare ya shiga ɗakinta, kuma wallahi ta gaji.

Tun farko ma ba ita ta ce tana son kare ba. 'Yarta da ke Sydney ce ta ishe ta a waya: "Mama, tun da Baba ya rasu kika sayar da gona, ba ki da abokin hira sai rediyo." Don a bar ta ta huta, Noeline ta je gidan da ake tara dabbobin da suka rasa masu su, a bayan garin Cooma. Ta wuce ƙananan karnukan nan masu gashi buzu-buzu ko kallo ba su ishe ta ba. Ta tsaya gaban wani tsohon karen kiwon tumaki, ja, furfura ta cika masa baki, yana ɗingishi. Sunansa Jock. Mai shi ya tsufa, an kai shi gidan tsofaffi.

Narelle, matar da ke kula da wurin, ita ma idonta duk gajiya, ta ce, "Sati biyu na gwaji, Noeline. Sharaɗi ɗaya ne: a cikin gida zai riƙa kwana. Ƙafafun nan nasa ba za su jure sanyin hunturun nan namu na watan Yuli a waje ba. In ya ƙi, sai in dawo da shi."

"Kare ne fa, 'yar nan, ba surukina ba. Zai shiga."

Bai shiga ba. Ya zo bakin ƙofar kicin ya ja birki, kamar ya ga rami. Ta ajiye masa haƙarƙarin rago a tsakar ɗaki, ya zauna yana kallo, yawu na zuba, har naman ya huce. Ta sayo masa katifa mai laushin da ita kanta ba ta taɓa kwana a kan irinta ba. Ta sa igiya ta ja shi, ya baje a ƙasa yana rawar jiki, ita kuma bayanta ya riƙe, ta yini a kujera tana zaginsa. Amma duk inda ta leƙa ta taga yana nan a baranda, idonsa a kanta. Da safe in ta buɗe ƙofa, wutsiyarsa na dukan katako. Rabon da wani abu mai rai ya yi murnar ganin ta tashi tun rasuwar Col, mijinta. Ba ta son a ɗauke shi, ko kaɗan ba ta so.

Ran kwana na tara ta ɗauko tsintsiya za ta share baranda. Jock ya miƙe da sauri, ya kwantar da kunnuwa, ya ja da baya har ƙarshen katako. Noeline ta tsaya da tsintsiyar a hannu, jikinta ya yi sanyi. Ta san wannan ja da bayan. Shekara arba'in da ɗaya a gona dokarta ba ta canza ba: takalmin aiki da kare, a waje. Karnukan Col a cikin yankakkun durom suke kwana, gindin bishiya, wanda kuma ya kuskura ya sa ƙafa a kicin ɗinta sai ya sha tsintsiya. Ashe shi ma Jock wata mata irinta ce ta koya masa, kuma ta iya koyarwa.

Safiyar kwana na sha huɗu Narelle ta iso da takardarta, ciyawa duk ta yi fari da ƙanƙara. Ta zagayo bayan gida ta tsaya turus. An rufe barandar da tsohon tamfol na rufe ciyawar dabbobi. An jawo waya ta taga an kunna hitar ɗumama ɗaki. Ga rediyo, ga butar shayi a kan kujera, ga katifar kare. Kusa da ita kuma ga ɗan gadon ƙarfe na masu askin tumaki, da barguna uku a kai.

"Noeline, wa ke kwana a gadon nan?"

"Wa kike gani?" Noeline ta ja majina, tana naɗe cikin tsohon kwat ɗin Col. "Yau kwana biyar."

"Ke da shekara saba'in da huɗu? So kike 'yarki ta zo ta yanka ni?"

"To kar ki gaya mata mana."

Narelle ta dubi takardar, inda ake tambaya ko karen na kwana a cikin gida. Ta dubi Jock, wanda ya ɗora haɓarsa a kan silifas ɗin tsohuwar. Ta yi ajiyar zuciya. "Me zan rubuta a nan, don Allah?"

"Rubuta abin da kika ga dama, ni na gaji," in ji Noeline. "An ce masa kar ya shiga, ya ji magana. Shekara arba'in da ɗaya ina korar irinsa daga ƙofa, ba zan bari a ɗauke shi don ya yi biyayya ba. Shi ba zai iya shigowa ba, ni kuwa ina iya fita."

Narelle ta ɗauko biro. Sannan ta rubuta, ta ninke takardar, ta ce gobe za ta kawo musu ƙarin bargo.