Yoyon da Ba Ya Rage Ruwa

Ranar da Baba ya ce min Asabar zai koma Funtuwa, a ranar na sake ganin ɗigon nan a ƙarƙashin motata. Abu biyu suka haɗe min a safiya ɗaya, kuma wallahi na motar ne kawai na san inda zan kai.

Babana, Malam Saleh, shekara talatin ya yi yana kanikanci. Da Inna ta rasu na ɗauko shi na kawo shi wajena a Garki, nan Abuja, don ba zan bar tsoho mai hawan jini shi kaɗai a gida ba. Wata bakwai ke nan. Yana ci, yana sha, yana zuwa masallaci, amma kullum ƙara shiru yake. Na tambaye shi me aka yi masa.

"Ba a yi min komai ba, Muhibba. Ni ne ba na yi wa kowa komai."

Har ya haɗa jakarsa ya ajiye a bayan ƙofa. Na yi lallashi, na yi fushi, duk a banza.

Motar kuwa tokumbo ce, wata huɗu da sayenta. Sati uku ke nan kullum sai na tarar da jiƙa kamar faɗin tafin hannu a ƙasan gabanta. Abin haushin, in na buɗe na duba, komai a cike. Baƙin mai yana kan layinsa, man birki haka, ruwan lagireto ko ɗis bai ragu ba. A ofis kuwa kowa ya zama bakanike. Wannan ya ce ruwan esi ne, wancan ya ce giya ce ta tafi, in sayar tun da wuri. Mutanen da ko taya ba su iya canzawa ba.

Ranar Alhamis na kai ta unguwar Apo wajen Fortune, bakaniken da ke min sabis. Ya shimfiɗa farin kwali a ƙasanta, ya bar injin ya yi zafi, sannan ya kashe. Muka tsaya har ɗigo ya sauko. Ya dangwala da yatsa, ya murza, ya shinshina.

"Hajiya, in baƙi ne, injin. In ja ne, giya. Wannan ruwan lagireto ne," in ji shi da Hausarsa ta Abuja. Sai ya leƙa gorar ruwan lagireton, ya yamutsa fuska. "Amma ranar sabis kore ne na zuba maka. Yanzu ya koma fari kamar na famfo. Wani yana ƙara ruwa."

"Ni kaɗai ke tuƙa ta."

"Mota ba ya cika kansa, Hajiya."

Ya ɗauko fitila zai nemo inda take yoyon. Na ce ya bari tukuna. Na tuna cewa makullin motar a jikin ƙusa nake rataye shi kusa da ƙofa, kuma mu biyu ne kawai a gidan.

A hanyar dawowa na tuna ranar da na kawo motar. Baba ya zagaya ta sau biyu yana murmushi, ya kai hannu zai ɗaga bonet. Ni kuma uwar iyayi, a gaban maƙwabta, na ce, "Baba, bari. Wannan ba irin akwalar zamaninku ba ce, kwamfuta ke duba ta." Aka yi dariya. Ya janye hannunsa ya goge a riga, alhali bai taɓa komai ba. Ni na manta da maganar tun a ranar.

Da safiyar Juma'a, bayan ya dawo daga sallar asuba, na laɓe a taga. Ya zare makullin a hankali, ya fita da butarsa ta alwala. Ya buɗe bonet, ya ɗora bayan hannu a kan injin ya ji sanyinsa, ya tsiyaya ruwa har ya kai layi. Sannan ya sauke bonet ɗin da hannu biyu don kada ya yi ƙara. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na tsaya a wurin ina kuka kamar sakarya.

Na share fuska na fita. Ya gan ni, ya mayar da butar bayansa.

"Baba, motar nan tana yoyo, na rasa daga ina."

"Ba ki kai ta wajen kwamfutar ba?"

"Kai nake tambaya, Baba."

Sai ya ajiye butar, ya sake ɗaga bonet, ya kama yatsana ya zura shi can ƙasa, inda wani tiyo mai kauri ya haɗu da lagireto. Wajen da danshi, ga wani farin busasshen abu a gefensa.

"Kin ji? Bakin tiyon ne ya tsage a ƙarƙashin maɗaurinsa. Sai injin ya yi zafi yake buɗewa. Ruwan buta ba magani ba ne, riƙon ƙwarya nake mata."

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Kin ce in bari, na bari. Amma ba zan zuba ido ki hau titi da injin da zai ƙone ba."

Na durƙusa a nan kan siminti na ce ya yafe min. Ya ce in tashi, zanina zai ɓaci. Daga nan bakinsa ya buɗe. A sake tiyo, a zubar da ruwan nan duka a sa na kirki. Baƙin man ya fara duhu, kada in jira sai ya zama kwalta. Bel ɗin ma ya soma tsattsagewa, shi yake kuka da safe, ni kuma ina ƙure rediyo.

"Duk wannan kafin gobe Asabar?" na ce.

"Wace Asabar? Sabon tiyo sai an sa masa ido sati biyu. Ke kuma ba ki san abin da za ki duba ba."

Ya shiga ciki, na bi shi. Ya jawo jakar nan daga bayan ƙofa, ya fito da rigunansa ɗaya bayan ɗaya ya zube a kan gado. A can ƙasanta akwai wani ƙullin tsumma da baƙin mai ya rina. Ya kwance shi, sai ga sifanunsa a jere, kowace an goge ta tas. Tun daga Funtuwa ya taho da su, wata bakwai suna cikin jakar.