Kawu, Karɓa

Duk wanda ya zauna a Dutse a shekarun farko da aka mayar da ita babban birnin jiha ya san Injiniya Falalu. Ko bai san sunansa ba, ya san shi da mai jirgi. Yana cikin ma'aikatan da aka kwaso daga Kano aka zube a garin, ba gidaje ba tituna, kowa yana ƙunƙuni. Shi kuwa da ya ga filin da ke bayan duwatsu ta hanyar Kiyawa, shimfiɗe fetal babu ko turken lantarki, sai ya ce shi kam gata aka yi masa. Yana da wani ɗan jirgin sama na katako da ya saya a hannun wani Bature mai aikin titi, ana tuƙa shi daga ƙasa da rimot. Duk Asabar bayan la'asar yana can yana tayar da shi, Fulani su tsaya da shanunsu suna kallo.

Jirgin irin na koyo ne. Fiffikensa a saman jiki yake, bakin kowane ya ɗan ɗaga sama, kuma halinsa shi ne in ka rikice ka saki 'yan sandunan rimot, da kansa zai daidaita ya miƙe. Shi ya sa Sagiru, ɗan ƙanwar Injiniya mai shagon gyaran rediyo a bakin kasuwa, ya raɗa masa suna Jaki, wai ya san hanyar gida ko mai shi yana gyangyaɗi.

A kan Jaki Sagiru ya koya. Rimot biyu ake haɗawa da waya, kowa ya rataya nasa a wuya. Malami yana danne wani maɓalli da yatsa. Muddin yana danne, ɗalibi ne ke tuƙi, da ya ɗaga yatsa tuƙi ya dawo hannunsa. Sagiru in ya ga abin ya fi ƙarfinsa sai ya ce, "Kawu, karɓa!" Injiniya ya karɓa, ya gyara, ya mayar masa, ya bi shi da tsiya, wai ƙato da gemu yana kiran kawu.

A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ne wani likita a Kano ya gaya wa Injiniya cewa hawan jinin ido ne ke damunsa, kuma abin da ya tafi na gani ba zai dawo ba. Dama ya daɗe yana ji a jikinsa. Gefe da gefe duk ya dushe, abin da ya rage masa kamar mai leƙe ta kafar ƙofa. Matarsa Hajiya Luba ce kaɗai ta sani, ita ma don ta ga yana zuba shayi a kan tabarma ne, kofi na gefe. Ya ajiye tuƙin mota ya ce injinta ne ya buga. Sagiru ya shiga ɗaukarsa a babur, bai kawo komai a ransa ba.

A fili kuwa dabara ya samu. Ba ya iya kamo jirgin da ido a sama, sai dai ya bi ƙarar injinsa da kunne. Idan Sagiru ya ce ya karɓa, sai ya ɗaga yatsa, ya bar sanduna yadda suke, Jaki ya miƙe da kansa. Sagiru ya yi ta yabo, yana cewa hannun Kawu daban ne, ko girgiza babu. Kunya tana kama Injiniya, wallahi tana kama shi, amma daɗin ya fi ta yawa. Tun da ya yi ritaya babu wanda ke nemansa don wani abu ya lalace. A wannan fili ne kaɗai ake kiransa ya kawo ɗauki, kuma ya tabbata ranar da Sagiru ya gane gaskiya, za a cire wayar nan a zaunar da shi a inuwa.

Hannun Sagiru ya nuna, Jaki ya fara gundurarsa. Yana so ya yi alkafura, ya mirgina, ya tashi a kife, Jaki kuwa ina! Ko ka kifa shi sai ya juyo. Ana cikin haka suka ji labarin wani ɗan Labanon a Kano zai koma ƙasarsu, yana da jirage biyu zai sayar. Suka shiga motar haya suka je.

Injiniya ya shafa kowanne da hannu kamar mai duban rago. Na farko fari, fiffike a sama, yayan Jaki ne kawai, ya fi shi ƙarfi da gudu amma halinsu ɗaya. Na biyu ja, fiffikensa a ƙasan jiki, a miƙe sambal babu ɗagawa ko kaɗan. Injiniya ya janye hannunsa. Ya san irinsa. Inda ka nufe shi nan zai nufa, in ka bar shi kansa a ƙasa, ƙasar zai tafi har ya same ta. Sagiru kuwa tuni ya durƙusa a gaban jan jirgin, har ya sa masa suna Tsattsewa.

Babu abin da Injiniya bai kawo ba. Ya ce jan yana shan mai. Ya ce in farfela ta karye ba za a samu irinta ba. Ya ce iskar bayan duwatsu ba ta da amana. Sagiru yana warware su ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi. Da dabara ta ƙare sai ya ce Sagiru bai kai ba tukuna, ƙarya ce kuwa tsagwaronta, kuma ya ji yadda maganar ta soki bawan Allah. Sai Sagiru ya ce, "To Kawu, ai kana bayana. In na rikice sai ka karɓa."

A nan ya kamata ya faɗa. Ya buɗe baki ma, Allah ya sani. Amma ga baƙo a tsaye, ga Sagiru ya miƙa masa amana haka a fili, sai girman kai ya hana shi. Abin da ya fito shi ne "To." Haka suka dawo gida da jan jirgin.

Ranar Asabar Hajiya Luba ta tare shi a bakin ƙofa, ta roƙe shi ya ji tsoron Allah ya gaya wa ɗan mutane kafin su tayar da abin nan. Ya ce mata Sagiru ya ƙware, ba ma zai kira shi ba. Da wannan fatan ya hau babur.

Da fari kamar fatan zai ci. Tsattsewa ya tashi kamar an harba shi, Sagiru ya yi alkafura ta fita tsaf, ya mirgina, masu kallo suna ta salati. Injiniya yana tsaye, yatsa a kan maɓalli, yana jin dariyar Sagiru, har shi ma ya yi murmushi. Sai Sagiru ya kifa jirgin ya nufi wajen duwatsu, inda rana ta yi ƙasa. Hasken ya dake shi a ido, ya kasa bambance cikin jirgin da bayansa.

"Kawu, karɓa!"

Injiniya ya ɗaga yatsa. Ya ɗaga kai yana lalube da ɗan ganin da ya rage masa, babu komai sai sarari. Ƙarar injin tana dukan duwatsu tana dawowa, ta zo ta dama ta zo ta hagu. Hannunsa ya yi abin da ya saba, ya bar sanduna. Ƙarar ta yi tsini, ta yi tsini, sannan aka ji tim, wurin ya yi tsit.

Sagiru ya juyo da niyyar magana, sai ya tsaya. Jirgin a yamma ya faɗi, gindin dutse. Kawunsa kuwa gabas yake fuskanta, wajen itatuwan dabino, kai a sama, har yanzu yana nema.

Sagiru ya daɗe yana kallonsa. Motar da aka ce ta buga ta faɗo masa a rai, da yadda aka shafa jirage da hannu a Kano. Da ƙyar ya tambaya, "Tun yaushe, Kawu?"

"Tun kafin ka iya sauka da kanka," in ji Injiniya. "Jaki ne yake karɓa, Sagiru. Ba ni ba ne."

Sagiru ya sa hannun riga ya rufe fuska. Injiniya ya so a ce jirgin yake wa kuka, da ya fi masa sauƙi, amma ya san ba shi ba ne. Masu kallo suka watse sumui-sumui, Fulani suka kaɗa shanunsu.

Can Sagiru ya ce bari su je su kwaso abin da ya rage. Ya juya ya fara tafiya, ya manta rimot yana wuyansa. Wayar ta miƙe ta ja wuyan Injiniya. Sagiru ya ji, ya dawo da sauri zai cire ta, Injiniya ya dafe bakinta da hannu ya ce ya bar ta.

Haka suka ratsa gonar geron da aka girbe, Sagiru a gaba yana takawa a hankali, wayar tana tsakaninsu. Da suka yi nisa kaɗan ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Ɗaga ƙafa, Kawu, akwai kututture."

Injiniya Falalu ya ɗaga ƙafa.