Yatsun Malam Ɗahiru

"Inna, ƙara mani sodar nan kaɗan," in ji Malam Ɗahiru daga bakin zaure, hannuwansa duka a aljihu.

Inna Zuwaira mai sabulu ta saki muciya. Karo na uku ke nan maƙwabcin nata yana roƙon soda, wai zai wanke makewayi.

"Wane irin makewayi na wanga da ba ya wankuwa? Hiddo hannunka in gani."

Ya fiddo. Kan yatsun goma sun saɓule, biyu har sun yi baƙi. Salati ya ƙwace mata.

Duk Tsafe an san labarinsa. Shekara ashirin da shida yana ɗinki a Jidda, sai faɗan kasuwa ya haɗa shi da wani, haƙorin mutumin ya fita. Alƙali ya ba shi wata shida. Da ya gama, aka ɗauki hoton yatsunsa, aka saka shi a jirgi, aka ce kada ya sake komawa. Matarsa ta rasu tuni, amma 'yarsa Husna tana can da tsohon ciki. Wani ɗan sani-duka a tasha ne ya ce masa in zanen yatsu ya goge, na'ura ba ta gane mutum.

"Ɗahiru, da ciwon suga a jikinka?"

"Ɗiyata za ta haihu, Inna. Ba ta da kowa."

Ta yi masa faɗa kamar ta ari baki, sannan ta koma ɗaki ta yi kuka, don da hannunta ta auna masa sodar. Aka kai shi asibiti a Gusau, likita ya ce ciwon ya riga ya shiga jini. Kwana tara tana kai masa kunu tana ba shi a baki. Kullum tambayarsa ɗaya ce, ko zanen ya goge. Ita kuwa sai ta ce ya goge, Allah Ya yafe mata.

Ranar Laraba da hantsi ya cika.

Da aka fita da gawarsa, Husna ta kira ta bidiyo, jaririya kwance a kafaɗarta. Inna Zuwaira ta tsaya a ƙofar gida, iyakar inda mace ke tsayawa, ta juya wayar wajen titi. Maza sun riga sun yi nisa.

"Inna, ɗaga sama kaɗan, ban ganin shi."

Ta yi ɗage, ta miƙe hannu iya tsawonsa, har makarar ta sha kwanar masallaci.