Ƙafar Haladu

Shekara goma sha tara Haladu yana jan a-kori-kurar Alhaji Sada, wata farar mota mai shan gas da duk mai bin hanyar Kafur ya san kukanta. Ita ke kwasar masara da waken suya daga gonakin Alhaji zuwa Malumfashi da Funtua, wani lokaci har Dandume. Mutanen unguwa kan ce Haladu ya fi sanin tarin motar nan da tarin matarsa Sa'adiya, ita kuma Sa'adiyar ba ta taɓa musantawa ba.

To, da sanyin bana ya kankama, irin wanda ruwan alwala ke cizon yatsa, sai motar ta tsiro da wani hali. Da safe za ta tashi lafiya lau, ta tsaya tana kuka a hankali kamar mutuniyar kirki. Amma da an yi lodi an hau titi, sai ta fizga gaba, ta saki, ta sake fizga, kamar mai shessheƙa. Ranar da Alhaji ya zauna a gaba, sau uku hularsa tana taɓa gilashi kafin su kai Malumfashi. Ƙafar Haladu kawai yake kallo a kan totur.

Aka kai ta garejin Shitu bakanike a Funtua. Sun isa gab da azahar, rana ta buɗe sosai. Shitu ya ɗaga bonet ya saurara, ya hau ya zagaya da ita sau biyu, mota tana tafiya sumul. Ya ce shi ba ya farke cikin mota mai lafiya. Sai ya ja Alhaji gefe don su yi sirri, irin sirrin da mai faci da mai kunu duk suka ji, ya ce a bar motar nan, a duba direba. Wai tsufa in ya zo, ta ƙafa yake farawa, kuma sanyi ne ke tona shi.

Alhaji Sada ba mugu ba ne, sai dai yana son abinsa. A hanyar dawowa ya ce wa Haladu ya ƙarasa satin nan, ranar Juma'a bayan an sauko ya kawo makulli, za a ba Abdulmutallib ɗan ƙanensa. Shi kuma a ba shi tsaron sito, ya huta.

Abin da ya hana Haladu yin gardama, ba kunya ba ce. Ƙafar tasa da gaske tana rawa. Tun sanyin bara ta dama ta fara, da asuba, 'yar karkarwa kaɗan daga gwiwa zuwa ƙasa. Safa biyu-biyu yake sakawa a ɓoye, yana ganin babu wanda ya sani. Don haka ko Alƙur'ani aka ɗauko ba zai iya rantsewa ba ita ba ce. Ya gwada danne gwiwar da hannu yana tuƙi, motar ta fizga duk da haka. Ya ɗan ji sanyi a ransa, sai kuma ya tambayi kansa, shin hannun ma ba rawa yake ba? Mutumin da ya san kukan kowane ƙarfe a motar nan, ga shi ya kasa shaidar jikinsa.

Ranar Alhamis da sassafe yana tsugune bakin murhu yana jin ɗumi, Sa'adiya tana fama da kwalbar manja. Ta kife ta, ta girgiza, ta bubbuga gindin, ko ɗigo. Ta jingina ta kusa da wuta tana mita, wai man ya daskare kamar sabulu. Daga nan, kun san bakin Sa'adiya ba ya tafiya babu guzuri, ta gangara kan Hajiya Suwaiba matar Alhaji, wadda ke sarin manja. Wai Hajiya har yanzu ba ta huce ba, tun da Alhaji ya ji gas zai ƙara tsada ya kwashe mata jarkoki goma sha biyu ba sallama, ko ɗauraya babu, kowace da ragowar mai kusan yatsa biyu a gindinta.

Haladu ya daina murza hannuwansa. Ya san jarkokin nan. Masu ruwan ɗorawa ne, suna jere a siton Alhaji, daga cikinsu yake ɗura wa motar gas wata biyu ke nan.

"Sa'adiya, wannan man, in rana ta ɗaga yaya yake yi?"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Narkewa mana, Malam. Shekara talatin kana shan miyata, yau kake tambaya?"

Ko koko bai tsaya sha ba. Ya isa wajen motar tun raɓa ba ta bushe ba, bai tayar da ita ba, ya kwance filtar mai tana sanyinta. Ga abu nan jaja-jaja ya liƙe a ciki, dunƙule-dunƙule kamar kitsen da ya kwana a tukunya. Gas yana ratsawa da ƙyar, injin ya samu ya rasa, ya samu ya rasa. In rana ta yi, man ya narke ya wuce, motar ta isa gaban Shitu da halin kirki.

Ya daɗe a tsaye da filtar a hannu. Laifi dai ya tashi daga ƙafarsa, amma ya sauka a kan tsimin Alhaji, kuma babban mutum ba a nuna masa irin wannan a gaban jama'a. Ya jira sai da masu gaisuwa suka watse daga zaure, sannan ya shiga da filtar da jarka guda. Ya zura kara ya kankaro gindin jarkar, ya ajiye su gefe da gefe a gaban tabarma. Alhaji ya lakata da yatsa, ya shinshina. Can ya tambaya wa ya sani. Haladu ya ce daga su biyu sai Sa'adiya. Alhaji ya runtse ido, don ya san ma'anar wannan ita ce unguwa duka kafin azahar.

Aka zuƙe tanki, aka sa sabuwar filta, aka sha gas daga gidan mai. Safiyar Juma'a motar ta kai buhu ashirin Malumfashi ba ta fizga ko sau ɗaya ba.

Bayan an sauko daga masallaci Haladu ya kawo makulli kamar yadda aka yi. Alhaji ko kallonsa bai yi ba, ya ce ya mayar aljihu. Da wani ne da ya yi godiya ya fice. Haladu ya tsaya.

"Alhaji, maganar Shitu ba duka ce ƙarya ba. Ƙafar tana rawa da asuba. Ba ita ta fizgi motar ba, amma tana rawa."

Alhaji ya ɗago. "To me kake so in yi?"

"Ka bar mini makullin. Ranar da rawar ta fara taɓa totur, ni zan kawo maka da hannuna, ba sai bakanike ya faɗa maka ba."

Alhaji ya juya carbinsa, ya ce ya yarda, amma daga yau ba a lodi sai hantsi ya yi, har sanyi ya wuce.

Hajiya Suwaiba an mayar mata da jarkokinta suna warin gas, har yau tana ba da labari. Shi kuwa Haladu, washegari da ya fito bakin murhu, ya tarar da safa huɗu an shanya su a kan dutse kusa da wuta suna ɗumi. Sa'adiya tana ta dama koko, ba ta ko waiwayo ba.